Ranar Da Sista Ta Ɗinke Reza

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "a ƙone shi kawai kowa ya huta", na ga naku. Masu cewa a miƙa wa hukuma, ku ma na gani. Kowa ya gyara zama.

*

Ƙarfe goma na safe bai cika ba aka shigo da shi shagon maganin Sista. Samari biyu sun riƙe shi ta hammata, hannayensa ɗaure da igiyar shanya, ƙafafunsa na jan ƙasa.

Ba ta tambayi ko waye ba.

Wata bakwai ke nan tana ganin fuskar nan ko da idonta a rufe yake. Reza ne, ɗan ƙwacen wayar da ya hana unguwa sakat. Shi ya tare mijinta, malamin lissafi na makarantar bayan layi, da rana tsaka yana dawowa gida da takardun jarrabawar yara a hannu, ya soka masa wuƙa a ƙasan haƙarƙari. Mutum huɗu suka gani da idonsu. Sau biyu ana miƙa shi ga 'yan sanda, sau biyun kuma sati bai zagayo ba aka gan shi a bakin titi kan babur yana gyara hula.

Yau ga shi zube a kan bencinta, goshi a tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya.

Yayanta ya shigo a bayansu. Kafinta ne, shekara hamsin da ɗoriya, kuma shi unguwa ta zaɓa shugaban 'yan sa-kai. Ko rigar sa-kan bai tsaya sawa ba, daga wurin aiki ya rugo, fensir maƙale a kunne, garin katako ya ƙara masa furfurar da ba tasa ba. Ya ce wa samarin su fita su tsaya a bakin ƙofa, kada su bar kowa ya matso. Ya ja ƙofar ƙarfen ya datse.

Ya san abin da zai nema wurin ƙanwarsa ba ƙarami ba ne, don haka bai ja zancen ba.

"Auta, ɗinke shi."

Ta yi masa wani kallo da tun suna yara bai taɓa ganin irinsa ba.

"Yaya, ka san waye wannan kuwa?"

"Ni na ɗauko Malam daga kan titi. Na san shi. Shi ya sa nake so ya isa gaban alƙali da ƙafarsa da bakinsa."

 Ta jingina da kantar shagon, ta harɗe hannu a ƙirji.

Ko a cikin wannan hali, akwai abin da ke sanyaya mata rai: ba maza ne suka kama shi ba.

Wata biyar 'yan sa-kai na nemansa, kullum sai ya sha, kamar ana raɗa masa layin da za su bi. Da safen nan ya biyo ta bakin famfo ya rufe rabin fuska da ƙyalle, sai Maman 'Yan Biyu ta gane tafiyarsa. Ita ce wadda ya sari 'yarta a hannu a kan wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Ba ta yi ihu ba. Usur ɗin da ke ɗaure a bakin zaninta ta ciro ta busa. Nan take mata goma sha wani abu suka rufe lungun gaba da baya da jarkoki da bokitai. An ce bokitin ƙarfe ne cike da ruwa ya kai shi ƙasa. Kafin maza su iso har an gama ɗaure shi, mata na tsaye a kansa suna gyara ɗankwali, wata ma tana tambaya ko wa zai biya ta ruwanta da ya zube.

Usur ɗin nan Sista ce ta raba su gida-gida.

Ita ce kuma ta miƙe a taron unguwa bayan rasuwar Malam, lokacin da manya ke ta cewa a yi haƙuri, a sake rubuta wa caji ofis takarda. Ta ce wannan ce za ta zama ta goma sha ɗaya, goman farko da hannunta ta kai. Ta ce in maza ba za su iya ba su faɗa a fili, a miƙo wa mata tocilan da sandunan. A ranar mutum arba'in suka ba da sunansu. Teloli suka ɗinka riguna kyauta, mai walda ya buga ƙofofin lungu, Yaya ya ajiye zarto ya karɓi shugabanci.

A da, ba ta cika kwana uku ba ta ɗinke yankan wuƙa a kan bencin nan ba. Shekara goma sha takwas ta yi tana aikin jinya kafin ta buɗe shago, amma ba ta taɓa ganin jini irin na shekarar da ta wuce ba. Yanzu wata uku ke nan rabonta da irin wannan ɗinki. 'Yan mata na tafiya makaranta ba rakiya. Tsofaffi na amsa waya a ƙofar gida, har da buɗe murya unguwa ta ji sirrin gidansu kyauta.

Ba hukuma ce ta yi musu wannan ba. Su suka yi wa kansu.

A waje hayaniya ta ƙaru. Wani ya buga ƙofar da dutse. Wani na kiran a kawo taya, wani na cewa akwai fetur a babur ɗinsa. Muryar da ta fi ta kowa tashi ita ce ta Dogo mai gyaran waya, mataimakin Yaya, wanda shi ke tsara wa 'yan sa-kai layin da kowa zai zaga kullum. Cewa yake an gama wasa da hankalin unguwa, in aka miƙa Reza yau, jibi zai dawo, kuma matan da suka kama shi su zai fara bi ɗaya bayan ɗaya.

Sista ta dubi yayanta.

"Dogo ya yi ƙarya?"

"Bai yi ba."

"To me muke jira?"

Yaya ya cire fensirin daga kunnensa, ya juya shi a hannu, ya mayar.

"In na buɗe ƙofar nan na ba su shi, Auta, ba Reza kaɗai za su ƙona ba. Har da abin da kika tashi a taro kika haɗa. Ki yi aikinki, in yi nawa."

Ya buɗe ƙofar kaɗan, ya fita ta gefe, ya ja ta ya rufe.

Ta matsa jikin tagar da aka yi wa raga da ƙarfe, ta leƙa.

Layin ya cika har bakin kwalbati. Yara sun hau katanga. Yaya bai ɗaga hannu ba, bai busa usur ba. Tsayawa ya yi a kan dakalin shagon, ya bar su suka yi ihunsu har maƙogwaro ya fara gajiya. Sannan ya ce rabin kujerun da suke zama a kai a gidajensu shi ya buga, ya san nauyin kowa a wurin nan, don haka kada wanda ya yi tunanin zai ture shi daga bakin ƙofar.

Wasu suka yi dariya ba da son ransu ba.

Ya tuna musu da alkawari ukun da suka ɗauka ranar da aka raba riguna: ba a dukan wanda aka riga aka ɗaure, ba a shiga gidan mutum ba izini, ba a yanke hukunci a kan titi. Ya ce na farkon an karya shi yau, domin lafiya lau mata suka ɗaure yaron nan, goshinsa kuwa a ɗaure aka fasa shi, kuma zai san wanda ya yi.

Sai ya kawo musu zancen unguwar ƙetaren titi. Watan jiya aka yi ihun ɓarawo a can, 'yan sa-kansu suka rufar wa wani mai dako. Suna tambayarsa yana kallonsu, suka ce taurin kai ne. Ashe kurma ne. Kafin a gama jan gawarsa gefe, wayar da ake nema ta yi ƙara a aljihun wata rigar mai ita da ke rataye a ɗaki.

"Ku je can yau ku tambaya wa suke tsoro," in ji Yaya. "Ba ɓarayi ba. 'Yan sa-kansu suke tsoro. Ni ban ajiye aikina don a riƙa ɓoye yara in an hango rigata ba."

Dogo ya kutsa gaba. Ya ce wancan kuskure ne, wannan kuwa ba wanda bai san shi ba, mutum huɗu sun ga abin da ya yi wa Malam, ga matar Malam a ciki a tambaye ta.

"Mutum huɗun nan suna da baki, za su faɗa a gaban alƙali," Yaya ya ce. "Amma ku gaya min, wayoyin da yake ƙwacewa cinye su yake yi? Wa ke saye? Wa ke zuwa belinsa tun kafin tawadar takardar ta bushe? In kun ƙone shi, kun ƙone amsar. Gobe a samo wani Rezan a ba shi wuƙar."

 Samarin da ke riƙe da taya ba su ajiye ba.

A nan ne Maman 'Yan Biyu ta ratso taron, zaninta jiƙe har gwiwa, bokitin ƙarfen da ya lanƙwashe a hannunta. Gajeriya ce, sai da ta hau dakalin aka gan ta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mu muka kama shi. Da kisa muke so, da kafin ku gama neman takalmanku mun gama. 'Yata har yau ba ta iya riƙe biro da hannun dama. Ba wanda zai koya min jin zafin yaron nan. Amma ban kama shi don 'ya'yana su hau katanga su kalli yadda ake ƙona mutum a ƙofar gidansu ba."

Ta kife bokitin a bakin ƙofar shagon, ta zauna a kai.

Wata ta zo ta kife nata. Wata ta jawo jarka. Kafin ka ce me, mata sun yi layi biyu a gaban shagon, kowace zaune a kan abin ɗibar ruwanta, suna kallon samarin. Daga cikinsu akwai uwar wanda ke riƙe da tayar. Ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye, ta tambaye shi ko a gidanta ya koyi wannan. Yaron ya jingine tayar a bango, ya shiga sosa ƙeya.

Sista ta bi su da kallo. Matan nan ita ke auna musu jini, ita ke yi wa 'ya'yansu allura, ta san wadda mijinta ba ya aiki da wadda ke ɓoye ciwo don kada a kashe kuɗi. Yau ga su sun zama katanga. Ta goge idonta da bayan hannu, ta bar tagar.

Ta wanke hannu. Ta sa safar roba. Ta jawo farantin ƙarfe ta jera auduga da zare da allura da almakashi.

Reza na bin ta da ido ɗayan da ya rage a buɗe. Kusa da kusa sai ta ga bai kai girman da yake da shi a mafarkinta ba. Ba zai wuce shekara ashirin da uku ba. Leɓensa ya bushe ya tsage, wuyansa duk tsofaffin tabbai.

Ta ɗauko kwalbar allurar kashe zafi.

Ta daɗe tana kallonta. Ba wanda zai sani in ta mayar da ita kan kantar shagon. Ɗinki bakwai ne ko takwas a fatar goshi, kowane ɗaya zai ji shi har ƙashinsa. Malam ya yi minti ashirin a kan kwalta yana jin nasa, ba wanda ya kashe masa zafi.

Ta zuƙi maganin a sirinji, ta tsira masa a gefen ciwon.

Ya runtse ido, sannan ya buɗe, kamar bai gane abin da ya faru ba.

"Anti, na gode."

"Ba don kai na yi ba. Hannuna ne bai iya aikin banza ba. Ka rufe min baki."

Ta wanke ciwon. Yankan a miƙe yake, mai zurfi, irin na bakin ƙarfe, ba irin na bokiti ba. Ta fara ɗinki.  Ɗaya. Biyu. Tana ɗaurewa tana yankewa, tazarar kowane daidai da na ɗan'uwansa, kamar yadda za ta yi wa ɗan kowa.

Tana kan na huɗu aka ji jiniya.

Motar caji ofis ce. Motar da duk lokacin da aka kira sai a ce ba mai, ko tana wurin bakanike, har mutanen unguwa ke cewa ta fi kowa yawan jinya. Yau ta samu lafiya. Wani daga kan katanga ya yi mata sannu da jiki, aka kwashe da dariya.

Ta gane muryar Saje, ɗan sandan caji ofis, tun kafin ya gama sallama. Shi ne wanda ta kai wa takardu goma. Shi ne ya ce mata ranar da ta je da rigar Malam mai jini a leda, ta koma gida ta yi ta addu'a, bincike ba a yin sa da gaggawa.

Ya gode wa unguwa da ƙoƙari, ya ce an taimaki hukuma, yanzu sai a fito da wanda ake zargi, ga ankwa ga mota.

Yaya ya gaishe shi da ladabi, har da tambayar iyali. Sannan ya ce masa a'a.

Yaya ya ce tun kafin a kafa sa-kai, sau biyu yana sa masa yaron nan a hannu da kansa. Na farko kwana biyar ya yi, na biyu kwana uku. Ba ya so ya ga ko na uku kwana nawa zai yi. Ya ce sun yanke shawara: da an gama ɗinki, unguwa gaba ɗaya za ta taka da ƙafa, rana na sama, a raka Reza har hedikwatar 'yan sanda. Shaidu huɗun na nan, lauyan da ke haya a gidan sama ya ce zai bi su, kuma duk mai waya zai ɗauki hoton tafiyar tun daga ƙofar shagon nan har teburin da za a rubuta sunansa. In Saje na so, ya shige gaba da motarsa ya buɗe musu hanya, za su ji daɗi.

Muryar Saje ta sauya. Ya ce abin da suke yi laifi ne, tsare mutum ba aikinsu ba ne, wannan shi ake kira ɗaukar doka a hannu, kuma zai iya tafiya da Kafinta shi ma.

"Yallaɓai, mun ɗauke ta a hannu kam," Yaya ya ce. "A ƙasa muka tsince ta, inda kuka yar. Ba mu karya ta ba, ba mu ƙona ta ba. Gida za mu kai ta. In laifi ne, ga hannuna, amma sai ka nemo ankwa ta mutum ɗari biyu."

Layin ya ɗauka da sowa. Mata na buga bokitai.

Sista ta tsinci kanta tana murmushi a karon farko tun safe. Wannan yayanta ne, wanda ya bar makaranta a aji uku ya kama guduma don ita ta yi karatun jinya. Ko takarda zai rubuta sai ya kawo mata ta duba. Yau shi ke tsaye tsakanin wuta da ankwa, kuma ba ɗayan da ya matsar da shi ko taku ɗaya.

Ta ɗaure ɗinki na bakwai. A nan ta lura jikin Reza na ɓari, har bencin na motsi.

Ta ɗauka zafi ne, ta tambaye shi ko allurar ta sake shi.

"Ba zan kai hedikwata ba, Anti."

"Za ka kai. Ko a baro ne."

"Ba za a bari in kai ba."

Ta ce masa ba ya ji ne, mata sun tare ƙofa, an ajiye taya, ba mai taɓa shi. Ya girgiza kai. Ya ce ba taron yake tsoro ba. Taro in an yi musu magana suna ji.

Ta ajiye allurar a faranti. Tambayar da ta kwana da ita wata bakwai ta fito da kanta.

"Wayar Malam ko kuɗin cefanen kwana biyu ba ta kai ba. An ce har ya miƙo maka. Me ya sa ba ka karɓa ka tafi ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba don waya aka aike ni ba."

 Ta dafa kantar shagon.

Da ƙyar maganar ke fita, yana yi yana kallon ƙofa. Ya ce an ƙwace wa wata ɗalibar Malam waya, yarinyar ta zo makaranta tana kuka. Bayan kwana biyu Malam ya kai tasa wayar gyara, sai ya ga ta yarinyar a kan teburin mai gyaran, an cire murfi, amma ya gane ta da wani zane da ta manna a baya. Ya yi tambaya. Aka ce masa wani ne ya kawo. Bai yarda ba, ya leƙa bayan labule, ya ga kwali cike da wayoyi. Ya ce wa mai shagon ya ba shi kwana uku ya mayar wa mutane kayansu, in ba haka ba zai tara unguwa.

A rana ta biyu aka kira Reza.

Sista ta tuna. Ranar wata Talata Malam ya dawo bai taɓa abincinsa ba, ya zauna bakin gado da takalmi a ƙafa. Ta tambaye shi, ya ce ya ga wani abu, amma ba zai ɓata sunan ɗan mutane ba sai ya ba shi dama ya gyara. Ta ce masa shi dai da kare mutuncin mutane. Ranar Alhamis aka kawo mata shi.

Ba wanda ta taɓa gaya wa wannan maganar. Ko Yaya.

Shagon gyaran waya ɗaya ne a unguwar.

Amma tana so ta ji da kunnenta.

"Wa ya aike ka?"

"Wanda ke gaya min layin da ba sintiri. Wanda ke tura a yi belina." Ya ɗago hannayensa da ke ɗaure, ya nuna goshinsa. "Wanda ya yi min wannan ina kwance. Ba goshi ya nufa ba, Anti, juyawa na yi."

"Ka faɗi sunansa."

"Dogo."

Dogo, da ya fi kowa kuka ranar da aka rasa Malam. Dogo, da shi ya fara rubuta sunansa a takardar sa-kai, sama da na Yaya ma. Dogo, da ke biyowa shagon nan duk sati ya tambayi lafiyar yaranta, ya gyara wa babbar 'yarta waya bai karɓi ko sisi ba.

Ta koma jikin taga da sauri.

Yaya na nan kan dakali, ya juya mata baya, yana gaya wa Saje a karo na uku cewa ba mai fitar da yaron nan daga shagon sai shi da kansa, kuma ta ƙofar gaba, kowa na gani. Ga matan a kan bokitansu. Ga samarin biyu a bakin ƙofa. Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, har kan katanga.

Mutumin da ya fi kowa tsawo a unguwar ba ya cikin taron.

Ta buɗe baki za ta kira Yaya, sai ta ji an ƙwanƙwasa.

Ba a gaba ba. A ƙaramar ƙofar baya ce, wadda ke fita lungun da ba kowa, inda take zubar da ruwan wanke-wanke.

Aka sake ƙwanƙwasawa, a hankali, sau biyu.

"Sista, ni ne. Yaya ya ce in fitar da shi ta nan, kafin mutane su ɓalle ƙofa."

Reza ya zame daga kan bencin ya ƙudundune a ƙasa.

Ta kai idonta kan sakatar. A zare take. Tun da ta zubar da ruwan shara da safe ba ta mayar ba.

Tsakaninta da ƙofar taku shida ne. Tsakanin ƙofar da Reza taku biyu.

Sista ta ɗauki almakashi daga faranti, ta tsallake wanda ya kashe mata miji, ta tsaya a gabansa.

Mariƙin ƙofar ya fara juyawa.